Wasan Da Ba A Buga Ba: Tarihin Kakar Hokin Ƙanƙara Ta 2017–2018 A Saskatchewan

Duk wanda ya buɗe teburin sakamakon gasar hokin ƙanƙara ta matasan lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, ya nemi kakar 2017 zuwa 2018, zai ci karo da wani abu da lissafi bai yarda da shi ba. Dokar gasar ta ce a zagayen kusa da na ƙarshe sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ta wuce. Amma ƙungiyar Nipawin Hawks ta wuce da wasa uku kacal, abokiyar karawarta Humboldt Broncos tana da ɗaya. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, idan muka ga irin wannan a cikin bayanai, abin da yake fara zo mana a rai shi ne wani ya yi kuskure wajen shigarwa. A nan kuwa babu kuskure. Wasa na biyar ne ba a buga ba, domin motar da ta ɗauko ƙungiyar Humboldt ba ta iso filin ba.

Wannan kakar muke so mu bi daga farkonta zuwa ƙarshenta. Duniya ta san ranar hatsarin, amma kaɗan ne suka san gasar da ta ɗora waɗannan yara a kan wannan hanya, da yadda aka ƙarasa kakar bayan sun tafi, da abin da ya sauya a ƙasar saboda su.

Wasan da gasar

Bari mu fara da wasan kansa, tun da ba kowane mai karatu ne ya taɓa kallonsa ba. Ana buga hokin ƙanƙara a cikin rufaffen fili wanda aka daskarar da ruwa a daɓensa. 'Yan wasa suna sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna zamiya a guje, kowa da doguwar sanda mai lanƙwasasshen kai, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri zuwa ragar abokan hamayya. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, har da mai tsaron raga. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Idan an tashi kunnen doki a zagayen fitar da gwani, sai a ci gaba da ƙarin lokaci, wanda ya fara ci shi ya yi nasara, ko da za a kai tsakar dare.

Wasan matasa a Kanada hawa-hawa ne. A sama akwai manyan gasanni uku, na yamma da na Ontario da na Kwibek, inda ƙungiyoyin ƙwararru na NHL suka fi ɗiban 'yan wasa. A ƙasa da su akwai gasannin larduna, kuma ta Saskatchewan, wadda ake taƙaita sunanta da SJHL, tana cikin waɗannan. An kafa ta a 1968. 'Yan wasanta samari ne daga shekara 16 zuwa 20, wasu kuma sukan cika 21 kafin kakar ta ƙare. Ba albashi suke karɓa ba. Yawancinsu abin da suke nema shi ne wata jami'a a Amurka ko Kanada ta gan su, ta ba su gurbin karatu saboda wasa.

A kakar da muke magana a kai ƙungiyoyi 12 ne a gasar, kowacce za ta buga wasa 58 daga Satumba zuwa Maris. Sunayen garuruwan kansu ƙanana ne, har ɗan Kanada ma wani lokaci sai ya duba taswira: Melfort, Melville, Weyburn, Yorkton, Kindersley, Estevan, La Ronge, Nipawin, Humboldt. Akwai kuma Flin Flon da ke kan iyakar lardin Manitoba.

A nan ne batun hanya yake shigowa. Faɗin Saskatchewan ya haura murabba'in kilomita 650,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na Nijeriya, amma mutanen cikinsa a lokacin ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Shimfiɗaɗɗen fili ne na gonakin alkama da kanola, garuruwa a warwatse, tituna a miƙe sambal. Daga Estevan da ke kusa da iyakar Amurka zuwa Flin Flon a arewa tafiyar ta haura kilomita 600. Rabin wasannin kowace ƙungiya a waje take buga su, kuma babu mai kuɗin jirgi. Don haka bas ita ce ɗakin barcin 'yan wasa, ita ce wurin cin abincinsu da aikin makarantarsu, a lokacin hunturun da sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Wanda ya shiga wannan gasa ya san sa'o'in da zai yi a kan titi sun ninka waɗanda zai yi a kan ƙanƙara.

Gari da ƙungiyarsa

Humboldt gari ne mai mutum kusan 6,000, kilomita ɗari da 'yan kai gabas da birnin Saskatoon. An kafa ƙungiyar Broncos a 1970, kuma daga wata babbar ƙungiya mai suna Swift Current Broncos ta samo sunanta. Launinta kore da rawaya. Ba kanwar lasa ba ce a gasar: ta ɗauki kofin ƙasa na wannan mataki har sau biyu, a 2003 da 2008. Filinta, Elgar Petersen Arena, shi ne wurin haɗuwar gari a daren wasa.

Akwai wata al'ada da sai an fahimce ta kafin a gane nauyin abin da ya faru. Yawancin 'yan wasan ba 'yan garin ba ne. Wasu daga Saskatoon suke, wasu daga lardin Alberta, wasu daga Manitoba. Idan yaro ya zo, sai wani gida a garin ya karɓe shi riƙo na tsawon kaka. A ba shi ɗaki, a ci abinci da shi, ya raka ƙananan yaran gidan makaranta, uwar gida ta wanke masa kaya ta yi masa faɗa idan ya yi dare. Ɗan kuɗin da ƙungiya take ba gidan ba ya wuce na cefane. Ta haka kowane ɗan wasa yana da iyaye biyu: waɗanda suka haife shi suka danƙa amanarsa, da waɗanda suka karɓi amanar. Gasar gaba ɗaya a kan wannan amana take tsaye, da kuma amanar cewa motar da ta tashi da yamma za ta dawo da asuba.

Mutanen lardin sun san wannan amana ta taɓa karyewa. Ranar 30 ga Disamba, 1986, bas ɗin Swift Current Broncos, ƙungiyar da Humboldt ta gaji sunanta, ta zame a kan titi mai ƙanƙara a hanyar zuwa Regina, 'yan wasa huɗu suka mutu. Cikin waɗanda suka tsira akwai Joe Sakic, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin NHL. Labarin ya zauna a zukatan mutane a matsayin abin da ya faru sau ɗaya, a zamanin da.

Yadda kakar ta tafi

Broncos ta shiga kakar 2017–2018 a hannun koci Darcy Haugan, mutumin Peace River da ke Alberta, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2015. Ta ci wasa 33, aka doke ta a 19, ta kuma faɗi a wasu shida bayan cikar lokaci, irin faɗuwar da ake ba ƙungiya maki ɗaya. Jimilla maki 72, matsayi na biyar a gasar. Ƙungiya ce mai kyau, amma ba ita ake kallo a matsayin mai ɗaukar kofi ba. Wadda ake kallo ita ce Nipawin Hawks, da ta gama a saman tebur.

A zagayen farko da ta buga na fitar da gwani, Humboldt ta haɗu da maƙwabciyarta Melfort Mustangs, ta fitar da ita a wasa biyar. Sai aka haɗa ta da Nipawin. Kamar yadda samarin hoki suka saba idan an zo wannan mataki, 'yan Humboldt suka rina gashin kansu ruwan zinariya, alamar haɗin kai. Za mu sake haɗuwa da wannan rini a gaba.

Ranar Laraba, 4 ga Afrilu, 2018, aka buga wasa na huɗu a Humboldt. An tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci na ɗaya, na biyu, har na uku, kafin Nipawin ta ci, aka tashi 6 da 5. Yanzu Nipawin tana da uku, Humboldt ɗaya. Wasa na biyar ranar Juma'a ne a Nipawin, tafiyar kusan kilomita 200. Idan Humboldt ta faɗi, kakarta ta ƙare. Ga waɗanda shekarunsu suka kai iyaka kuwa, wasansu na ƙarshe ke nan a gasar matasa.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Mutum 29 ne a cikin motar: 'yan wasa, masu horarwa, mai kula da lafiyar 'yan wasa, mai sharhin wasa a rediyo, wani matashi ɗan sa-kai mai tattara alƙaluman wasa, da direba. Sun wuce garin Tisdale, suka miƙi babbar hanya mai lamba 35 zuwa arewa. Iyaye da magoya baya da yawa suna kan hanyar a motocinsu, wasu a gaba wasu a baya.

Kusa da wani ƙauye mai suna Armley, hanya mai lamba 335 tana ratsa ta 35. Mai bin 35 shi yake da hanya, mai zuwa ta 335 dole ya tsaya. Allon tsayawar da ke wurin ya fi wanda aka saba gani girma, da jar fitila mai ƙyaftawa a samansa. Mararrabar tana da tarihi: a 1997 mutum shida 'yan dangi ɗaya sun mutu a wurin, kuma alamomin tunawa da su suna nan a gefen titi.

Wajen ƙarfe biyar na yamma wata tirela mai jan wagunu biyu, ɗauke da dammunan ruɓaɓɓen gansakuka da ake zubawa a lambu, ta taho ta hanyar 335 ta nufi yamma. Bayanin da masu gabatar da ƙara da lauyoyin direban suka amince da shi daga baya a kotu ya nuna cewa gari a washe yake, titi a bushe, direban bai sha komai ba, ba ya kan waya. Tamfol ɗin da ya rufe kayan ne yake kaɗawa, hankalinsa ya koma kan madubi. Ya wuce alluna huɗu masu gargaɗin mararraba, ya wuce allon tsayawa, yana gudun kilomita 86 zuwa 96 a awa, bai taka birki ba. Direban bas ya taka nasa, amma tazarar ta yi kaɗan. Bas ta daki tirelar a gefe, gabanta ya tarwatse.

Saura kusan kilomita 30 a isa Nipawin. A can 'yan Hawks sun fara shirin wasa, 'yan kallo sun fara taruwa. Da labari ya iso, aka buɗe wani coci a garin, iyaye suka zauna suna jiran a kira suna. An kwashi waɗanda suka ji rauni zuwa ƙananan asibitocin Tisdale da Nipawin da Melfort, daga nan jirage suka kai mafi yawansu Saskatoon.

Mutum 14 suka mutu a ranar. Washegari ɗan wasa Logan Boulet ya cika. Ranar 11 ga Afrilu mai kula da lafiyar 'yan wasa, mace ɗaya tilo a motar, 'yar shekara 24, ita ma ta cika. Jimilla 16: 'yan wasa goma, koci Haugan da mataimakinsa, mai kula da lafiya, mai sharhi, mai alƙaluma, da direba. Ƙaramin cikinsu shekararsa 16. Sauran 13 duk sun ji rauni, biyu sun shanye daga ƙirji ko ƙugu zuwa ƙasa, wasu sun samu rauni a ƙwaƙwalwa.

Makon da ya biyo baya

Ranar Lahadi, 8 ga Afrilu, da an ci gaba da gasa, da wasa na shida za a buga a filin Humboldt. A maimakon haka aka jera kujeru a filin, aka ajiye hotuna da furanni, gari ya taru don zaman makoki. Firaminista Justin Trudeau da shugaban gwamnatin lardin, Scott Moe, suna cikin mahalarta.

Washegari wani sabon tashin hankali ya bayyana. Hukumomin lardin suka sanar cewa an yi kuskure wajen tantance gawa. Yaron da aka ce ya mutu yana raye a asibiti, wanda kuma iyayensa suke zaune a gefen gado suna jinya, ashe ba ɗansu ba ne, nasu yana cikin mamata. Shekarunsu ɗaya, jikinsu iri ɗaya, raunuka sun sauya kamanni, ga kuma rinin gashin nan da ya mai da su kamar 'yan gida ɗaya. Gwamnati ta nemi afuwa. Gida ɗaya ya samu ɗansa bayan ya fara makokinsa, gida ɗaya ya rasa nasa bayan ya yi kwana biyu yana murnar ya tsira.

A faɗin ƙasar mutane suka fara jingine sandar hoki a ƙofar gida da dare, su bar fitila a kunne. Ranar 12 ga Afrilu ɗalibai da ma'aikata suka tafi makaranta da ofis sanye da rigunan wasa. Wata mata a Humboldt ta buɗe asusun tallafi a shafin GoFundMe, kafin a rufe shi ranar 18 ga Afrilu an tara sama da dalar Kanada miliyan 15, daga ƙasashe da dama. Rabon kuɗin ma sai da ya je gaban alƙali. A ƙarshen shekarar kotu ta amince a ba iyalan kowane mamaci dala 525,000, kowane wanda ya tsira kuma dala 475,000.

Dalilin da ya sa abin ya girgiza Kanada haka ba ɓoyayye ba ne. Da wuya a samu gari a ƙasar da bai taɓa ɗora 'ya'yansa a bas don zuwa wasa ba. Kowa ya ga nasa a cikin hotunan.

A tsaya ko a ci gaba?

Yanzu tambaya ta rage wa shugabannin gasar. Estevan Bruins ta riga ta kai wasan ƙarshe, tana jiran wanda zai fito tsakanin Nipawin da Humboldt. Hujjar soke kakar a bayyane take: ana tsakiyar jana'iza, wasu yaran suna kwance rai a hannun Allah, kuma 'yan wasan Nipawin da Estevan abokan mamatan ne, da yawa sun taso tare a ƙungiyoyin yara. Wane irin kofi ne za a ɗaga a wannan hali? Hujjar ci gaba ita ma tana da ƙarfi. Waɗanda suka rage samari ne da aka bar su zaune babu abin yi sai tunani, kuma ga wasunsu wannan ce kaka ta ƙarshe. Ƙananan garuruwan nan ba su da wani wurin taruwa da ya fi filin hoki.

Ranar 11 ga Afrilu wakilan ƙungiyoyin suka zauna da shugaban gasar, Bill Chow, suka amince baki ɗaya a ci gaba. Abin da ya ba shawarar nauyi shi ne shugabannin Broncos da kansu sun goyi bayanta. Aka wuce da Nipawin zuwa wasan ƙarshe, aka bar nata da Humboldt a 3 da 1.

Akwai wani abu da teburin sakamako ba ya nunawa. Tsakanin Estevan da Nipawin tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma a mota ake yin ta. Ci gaba da gasa yana nufin a sake ɗora samari a bas, mako guda bayan hatsarin, su nufi garin da waɗancan ba su isa ba. Iyaye sun yarda, yaran sun hau. A ganinmu wannan ne abu mafi nauyi da aka yi a duk kakar, ya fi kowane ci da aka zura a raga.

An fara wasan ƙarshe ranar 14 ga Afrilu a Nipawin. Ƙungiyoyin biyu suka yi ta musayar nasara har sai da aka kai wasa na bakwai, Nipawin ta ɗauki kofin Canalta, karon farko tun 1990. Daga nan ta kara da zakarun Manitoba, Steinbach Pistons, don neman gurbi a gasar ƙasa, aka fitar da ita. A nan kakar ta ƙare a takarda.

A gaban kotu

Direban tirelar, Jaskirat Singh Sidhu, ɗan asalin Indiya ne mai takardar zama a Kanada, shekararsa 29 a lokacin. Bai ji wani rauni ba. Wani ƙaramin kamfanin dakon kaya a Calgary yake yi wa aiki, kuma makonni kaɗan ke nan da fara tuƙa babbar mota. Masu bincike sun samu saɓa ƙa'ida har 70 a takardun aikinsa na kwanakin da suka gabaci hatsarin, yawanci a littafin da direba yake rubuta sa'o'in tuƙi da hutu. Da an tare shi a hanya an duba, da an dakatar da shi.

An kama shi ranar 6 ga Yuli, 2018. Ranar 8 ga Janairu, 2019, ya amsa dukkan tuhume-tuhume 29 na tuƙin ganganci, lauyansa ya bayyana cewa ba ya so ya ja iyalan cikin doguwar shari'a. An yi zaman yanke hukunci a Melfort, inda aka gabatar da bayanai kusan 90 daga iyaye da 'yan'uwa da gidajen riƙo. Wasu sun ce ba za su taɓa yafewa ba. Wasu sun yafe a bainar jama'a, har mahaifin ɗaya daga cikin mamatan ya zauna da shi a keɓe, daga baya kuma ya goyi bayan a bar shi a ƙasar. Ranar 22 ga Maris mai shari'a Inez Cardinal ta yanke masa shekara takwas. Mai kamfanin kuwa tarar dala 5,000 aka ci shi kan saɓa dokokin kiyaye haɗari.

An saki Sidhu bisa sharaɗi daga 2022, kuma a Mayun 2024 hukumar shige da fice ta ba da umarnin a mayar da shi Indiya, domin dokar ƙasar ta tanadi haka ga baƙon da aka samu da babban laifi. Batun ya raba kan iyalan, ya raba kan 'yan ƙasa. Ba za mu yanke musu hukunci daga nesa ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne laifin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. Akwai tsarin da ya ba sabon direba tirela mai wagunu biyu, ya tura shi hanyar da bai sani ba shi kaɗai.

Abin da ya sauya

Kafin hatsarin, lardin Ontario ne kawai ya wajabta horo kafin a ba mutum lasisin tuƙa tirela. A sauran larduna, cin jarrabawa ya wadatar. A cikin 2019 Alberta da Saskatchewan da Manitoba duk suka wajabta horon. A Saskatchewan, daga 15 ga Maris, sai mutum ya yi awa 121 da rabi a aji da fili da kan titi. Gwamnatin tarayya ta sa doka cewa daga Satumban 2020 duk sabuwar babbar bas ta tafiye-tafiye sai ta zo da bel a kujerunta. Ita kanta mararrabar an yi mata bincike, aka ba da shawarwari 13, ciki har da kurman titi masu girgiza mota don farkar da direba da kuma share abin da yake tare gani.

Sauyi mafi ban mamaki daga gadon asibiti ya fito. Logan Boulet, ɗan garin Lethbridge, ya cika shekara 21 'yan makonni kafin hatsarin, kuma ya riga ya gaya wa mahaifinsa yana so a ba da sassan jikinsa ga masu buƙata idan ya mutu. Iyayensa suka cika masa burinsa, mutum shida suka amfana. Da labarin ya bazu, sama da mutum 100,000 suka yi rajistar irin wannan kyauta cikin 'yan makonni. Tun 2019, ranar 7 ga Afrilu ta zama ranar sa koriyar riga a Kanada don tunatar da mutane wannan rajista.

A Yunin 2018 hukumar NHL ta ba marigayi Darcy Haugan sabuwar kyautar Willie O'Ree ta hidimar al'umma, shi ne na farko da ya same ta. Cikin waɗanda suka tsira, wasu sun koma wasa, wasu sun koma karatu, wasu har yau suna fama da jiki. Jacob Wassermann, mai tsaron raga da ƙafafunsa suka shanye, ya koma tseren kwale-kwale, ya wakilci Kanada a gasar nakasassu ta duniya a Faris a 2024.

Satumba

Humboldt ba ta janye daga gasar ba. A cikin 'yan watanni aka ɗauki sabon koci, aka tara sababbin 'yan wasa, gidajen garin kuma suka sake buɗe ɗakunansu, har da wasu da yaron da ya kwana a ɗakin bara bai dawo ba. Ranar 12 ga Satumba, 2018, aka buɗe sabuwar kaka a filin Elgar Petersen, aka nuna wasan kai tsaye a talabijin a duk ƙasar. Abokiyar karawar ita ce Nipawin Hawks. Biyu daga cikin waɗanda suke cikin motar nan suna sanye da koriyar riga a kan ƙanƙara. Nipawin ta ci 2 da 1. Bayan wasa aka ɗaga tutoci masu sunayen dukkan mutum 29, aka jingine lambobin rigunan 'yan wasan.

A teburin gasar, wannan wasa na kakar 2018–2019 ne, maki biyu ga Nipawin, babu ruwansa da abin da ya gabata. Na kakar da ta wuce yana nan yadda aka bar shi, 3 da 1. Bayan kwana biyu Broncos tana da wasa a waje, a garin Nipawin, yaran suka loda jakunkuna da sanduna a bas suka kama hanya.